Lissafi Babi Na Huɗu

Litinin, biyar da rabi na yamma

Yau na ga ta kaina. Ina ɗaki ina ninke wanki sai na ji Yaya ta kurma ihu a falo kamar ta taka garwashi. Na fito na same ta tsaye a gaban kwamfutarta, hannu biyu a ka. Wani jan akwati ya fito a tsakiyar fuskar kwamfutar yana ta ƙara. Antibairos ne, wai ya kama mugun abu ya killace. A ƙasa kuma ga sunan mugun abin ɓaro-ɓaro: LISSAFI BABI NA HUƊU.



Bari in faɗi gaskiya a nan, tunda takarda ba ta da baki. Ba lissafi ba ne. Wasa ne. Na sauke shi sati uku da suka wuce, cikin awa ɗayan da Yaya take ba ni aron kwamfutar don bitar darasi. Irin wasan nan ne mai kamar littafi, kina karantawa hotuna suna fitowa, sai a tsaya a ba ki zaɓi uku na abin da za ki ce wa saurayin cikin labarin. Shi ɗin a ɗakin karatu yake aiki, yana sa tabarau, ba ya son surutu. Iyakar abin da zan rubuta a kansa ke nan. Ni ce na canza wa fayil ɗin suna.

Yaya wata huɗu tana rubuta furojet ɗinta na makarantar jinya, saura sati uku ta miƙa. Ta juyo ta ce, "Auta, idan abin nan ya cinye min aiki, ke zan cinye."

Baba ya zo ya leƙa, ya karanta sunan a hankali kamar yana karanta sammaci. "Daga ina wannan ya fito?"

Ina ta kallon babban yatsan ƙafata.

Yaya ta ce, "Ba daga filash ɗin Malamarku ta lissafi ba ne? Wanda take zuba muku darussa a ciki?"

Ban ce e ba. Allah shaida ban ce e ba. Kai na sunkuyar, shi kuma kan ya ɗan motsa.

Talata, bakwai na safe

Furojet ɗin Yaya lafiyarsa ƙalau, ko waƙafi bai ɓata ba. To me ya rage? A bar maganar mana.

Talata, huɗu na yamma

Ba a bar maganar ba. Baba ya tura saƙon murya na minti huɗu a gurup ɗin iyayen ajinmu. Minti huɗu! Mutumin da gaisuwarsa a waya ba ta wuce "lafiya, lafiya, sai anjima." Ya ce yana jan hankalin iyaye, filash ɗin Malamar Lissafi yana ɗauke da ƙwayar cuta, kowa ya kula. Ya ce ba don ɓata sunan kowa ba. Sau uku ya faɗi sunanta.

Laraba, shida na yamma

Kaka ta shigo maganar, kuma daga nan ne komai ya lalace.

Tana zaune a kujerarta ta bakin taga ta ji ana ta cewa cuta, cuta. Ta ce, "Wai wace cuta ce? Ana ɗauka ta hannu?"

Yaya ta ce, "Kaka, ta kwamfuta ce. An ma killace ta."

"An killace ta? Ita malamar? Allah sarki, yarinya ƙarama."

"Ba malamar ba, Kaka, cutar!"

"To ai da mai cutar ake killacewa, 'yar nan. Ke da kike karatun asibiti ni zan koya miki?"

Yaya ta ɗauki kwamfutarta ta shige ɗaki. Kaka ta sa ni wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, tana tsaye a kaina. Da na fito zubar da shara na hango ta a bakin ƙofa da matar maƙwabcinmu, sun haɗa kai, tana nuna makarantarmu da haɓa.

A littattafan da nake karantawa, idan yarinya ta shiga irin wannan hali ruwan sama ne yake saukowa, ta tsaya a taga, wani ya zo ya fahimce ta ba tare da ta buɗe baki ba. Ni sabulu na samu.

Alhamis, uku na rana

Malama ta shigo aji yau, 'yan layin gaba suka ja tebur baya. A gabanta. Ƙiii, ƙarar ƙarfe a siminti. Ta tsaya da alli a hannu tana kallonsu, ta ce, "Lafiya?"

Rediyo, ƙawata da muke benci ɗaya, ta raɗa min cewa a unguwarsu an ce tarin fuka ne. A motar makaranta kuma an ce ciwon fata ne, shi ya sa kullum take sa riga mai dogon hannu. Na ce mata cutar kwamfuta ce fa. Ta ce, "Na sani, amma wancan ya fi daɗin faɗa."

Malama bana ta fara aiki. Ita kaɗai ce take tsayawa bayan tashi ta yi mana darasi kyauta, ta bi mu benci-benci. Ni ko kallona ba ta cika yi ba, don ban taɓa ɗaga hannu ba. Yau da ta wuce ta gefena na ji ƙamshin allin da ke hannunta, na sunkuyar da kai.

Ban ce e ba.

Asabar, biyu na rana

Baba ya kwashe mu, ni da Yaya da kwamfuta, zuwa shagon mai gyara da ke bayan tashar mota. Shago kamar akwatin ashana, wayoyi na reto daga silin, fanka tana juya kai ba ta ba da iska. Mai gyaran dattijo ne mai sanƙo, yana cin gyaɗa yana danna madannai da yatsa ɗaya.

Ya ce, "Alhaji, antibairos kare ne. Yana yi wa ɓarawo haushi, yana yi wa baƙo haushi. Wani lokaci har mai gida idan ya canza hula."

Na ji bakina ya ce, "Wato zai iya yin ƙarya?"

Duk suka juyo. Ni kaina na yi mamakin muryata.

"Ba ƙarya ba, 'yata, kuskure. Yana faruwa sosai, musamman da ƙananan wasanni da manhajojin da mutum ɗaya ya haɗa a ɗakinsa. Ba a san su ba, ba su da hatimin babban kamfani, sai karen ya ga baƙuwar fuska ya hau haushi." Ya watsa gyaɗa a baki. Ya matso da fuskarsa kusa da kwamfutar. "Amma wannan, ban yarda da shi ba."

Baba ya ce, "Me ka gani?"

"Darasi takarda ce, ko hoto, ko bidiyo. Wannan kuwa manhaja ce mai tashi da kanta, ga nauyi kamar buhun siminti, an liƙa mata suna lissafi. Abin da ya ɓoye sunansa na gaskiya, Alhaji, ba da alheri ya zo ba. Haka mugayen suke yi. Ni sai na san ainihin inda aka samo shi kafin in ce komai. A bar shi a killace, kada a kashe antibairos ɗin, kada a buɗe."

Baba ya gyaɗa kai irin na wanda aka ba gaskiya. Ni kuma na tsaya ina kallon fankar. Wato sunan da na sa don in ɓoye shi, shi ne ya zama shaidar laifinsa. Ni da hannuna na ɗinka masa rigar ɓarayi.

A mota Baba ya tura wani saƙon. Minti shida.

Lahadi, goma na safe

Na ɗauki littafi in karanta, shafi ɗaya na maimaita sau biyar. Jarumar tana ta kuka don an yi mata ƙazafi. Na rufe. Yau ba na gefenta.

Litinin, uku da rabi na rana

Shugaban makaranta ya hana darasin bayan tashi. Ya hana filash. An liƙa takarda a allon sanarwa, ba a sa suna ba, amma ko makaho ya san da wa ake. 'Yar maƙwabcinmu kwana biyu ba ta zo ba, uwarta ta ce sai an tabbatar.

Malama ta yi darasinta kamar babu komai. Da ta juya tana rubutu wani daga baya ya yi tarin ƙarya, aji ya fashe da dariya. Hannunta ya tsaya a kan allo. Ta ƙarasa lissafin, ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, allin ya karye.

Ni ban yi dariya ba. Wai har ina lissafa wannan a cikin aikin kirki.

Talata, biyar na yamma

Haushin kowa nake ji. Haushin Yaya da ta yi tambayar, haushin Kaka, haushin karen mai gyara. Sati uku wasan yana zaune lafiya, bai ce masa komai ba, sai rana ɗaya ya farka ya ga ɓarawo. Da ina yake?

Alhamis, huɗu na yamma

Na yi dabara. Idan aka tabbatar kuskure ne, babu cuta. Idan babu cuta, babu mai laifi. Idan babu mai laifi, babu wanda zai tambaye ni komai. Wannan lissafin kam na iya shi.

Lokacin tara na ari wayar Rediyo, na ce zan duba ma'anar wata kalma. Na shiga shafin da na sauko da wasan. Ashe mace ce ta yi shi, ita kaɗai, har hotunan ita ta zana. A ƙasan shafin mutane sun yi ta rubutu: nawa ma ya kama, nawa bai kama ba, wani ya ce ya gwada a wurin da ake duba fayil da antibairos sittin da wani abu, uku kacal suka yi ƙorafi. Wani kuma ya ce uku ma ai ba wasa ba ne. Wani ya zage shi. Wani ya zagi wanda ya zage shi.

Na rubuta mata saƙo. Layi uku, amma sai da na goge sau tara. Na ce don Allah ta gaya min gaskiya, akwai cuta ko babu, domin wata baiwar Allah tana shan wahala a kai.

Rediyo ta ce, "Wace kalma ce wannan da ta cinye min caji?"

Juma'a, uku na rana

Babu amsa.

Lahadi, sha ɗaya na safe

Yaya ta kwafe furojet ɗinta a wuri huɗu, ta daina ba ni kwamfutar. Ta ce ba don ni ba, don Malamarmu. Na ce to.

A wasan, na tsaya ne a daidai inda mai tabarau ya ce yana da wata magana da zai faɗa min idan an rufe ɗakin karatu. Kwana goma sha uku ke nan yana killace da maganarsa a baki. Kuma ina jin kunyar cewa wannan ma yana damuna. Wace irin mutum ce ni?

Talata, uku da kwata na rana

Mai wasan ta amsa! Ta ce babu komai a ciki, muddin daga shafinta na sauke ba daga wani wuri ba. Ta ce manhajar da take naɗe wasan da ita ce wasu antibairos suke zargi, ta kai ƙorafi wurin kamfanin, sun duba sun yarda kuskure ne, za su gyara a sabuntawa ta gaba. Ta ce kada in yarda da maganarta kawai, in jira gyaran in gani da idona. Ta ba da haƙuri. Har ta tambaye ni ina na kai a labarin.

Minti goma ina murna a bayan aji, Rediyo tana tambaya ko aljanu ne suka taɓa ni.

Sai na tuna. Wa zan nuna wa saƙon? A samansa ga sunan wasan, ga hotonsa da tabarau, ga furanni.

Ba komai. Zan jira sabuntawar.

Laraba, biyar na yamma

An sabunta. Yaya ta sake dubawa a gaban kowa, jan akwatin ya koma kore. Babu wata barazana. Na ji kamar in rungume kwamfutar.

Baba ya ce, "To, karen ya yi shiru. Amma har yanzu ba a gaya min abin da ya sa malama za ta ba yara manhaja ta kira ta darasi ba. Mai gyara ya ce sunan ƙarya ne. Jibi zan faɗi haka a gaban Shugaba."

Yaya ta ce, "Jibi me ake yi?"

Ashe an kira zama ranar Juma'a, Shugaba da wakilan iyaye da ita. Ashe har yanzu a kan gwaji take, ba a tabbatar mata da aikin ba. Baba ya ce shi ba ya son a kori kowa, amma amana amana ce.

Kaka ta ce, "Ta warke ke nan?"

Babu wanda ya kula ta.

Duk lissafina ya rushe. An wanke wasan tas, ita an bar ta a cikin kwata.

Alhamis, shida da rabi na safe

Yau zan faɗa.

Alhamis, ɗaya na rana

Na bi ta har ƙofar ofishin malamai. Ta juyo ta ce, "Kina son wani abu?" Na ce a'a, Malama, ruwa zan sha. Famfo yana can ɗaya gefen makarantar.

Alhamis, shida na yamma



Baba yana falo yana goge takalmin da zai sa gobe. Yaya tana kan kwamfuta. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na buɗe baki, babu abin da ya fito, sai iska. Baba ya ce, "Auta, ƙuda zai shiga."

Na san idan na jira bakin nan sai a kori Malama a ɗauki wata a kore ta bai yi magana ba. Sai na je na ce wa Yaya ta matsa. Ta matsa don mamaki. Na fito da fayil ɗin daga inda aka killace shi, na danna sau biyu.

Kiɗa ya tashi, irin mai taushin nan. Furanni suka fara zubowa daga saman fuskar kwamfutar. Ga kantocin littattafai, ga hasken yamma ta taga. Ga shi nan ya ɗago kai, ya gyara tabarau. Kuma na manta wasan yana da murya, na manta Yaya ta ƙure sauti.

"Kin daɗe ba ki zo ba. Kullum sai na duba ƙofa."

Da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Kaka ta miƙo wuya daga kujerarta. "Wannan ɗan wa ye? Ga ladabi."

Yaya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Baba bai yi dariya ba. Yana riƙe da burushi a hannu ɗaya, takalmi a ɗaya.

"Wannan ne lissafin?"

Na ce, "Ni na sauke shi, Baba. Ni na canza sunan. Bai taɓa shiga filash ɗin Malama ba."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka faɗa zai yi, na ma fi son ya yi. Sai ya ce, a hankali, "Kwana goma sha bakwai kina kallona ina zubar da mutuncin 'yar mutane."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba, kuma ba a cikin littafi take ba.

Ya ajiye takalmin ya ɗauki waya ya fita baranda. Ina jin sa yana fara saƙo yana gogewa. "Assalamu alaikum iyaye, dangane da..." Ya goge. "Ni ne dai, game da maganar..." Ya goge. Sau bakwai. Wanda ya tura a ƙarshe bai kai minti ɗaya ba. Ya ce kuskuren daga gidansa ne, Malama ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, kuma yana neman gafararta a gaban duk wanda ya ji saƙonsa na farko. Bai ambaci wasan ba. Bai ambace ni ba.

Ya leƙo ya ce wa Kaka gobe da safe ita ma tana da gidajen da za ta shiga. Ta ce ita me ta ce? Ita jaje kawai ta yi.

Yaya ta same ni a kicin ta ce, "Amma fa yana da kyau." Na ce ta rabu da ni.

Juma'a, huɗu na yamma

Baba ya ce tare za mu shiga, kuma ni zan yi bayani.

Ofishin Shugaba ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Iyaye uku, Shugaba, Malama a kujerar gefe da jakarta a cinya. Na faɗa. Muryata kamar ta sauro, sau biyu Shugaba yana cewa in ɗaga. Da ya tambayi wane irin wasa ne, Baba ya ce, "Na yara ne," ya kalli silin. Wata uwa ta ce to ita dai an ce mata tari ne. Shugaba ya ce magana ta ƙare, a cire takardar da ke allo, darasin yamma ya dawo ranar Litinin. Ni kuma sharar ajinmu ta sati biyu tawa ce.

Aka tashi, Malama ta ɗauki jakarta ta fita.

Na same ta a baranda tana kulle jakarta. Na ce, "Malama, ki yafe min." Wannan karon ya fito da ƙarfinsa.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta dube ni sosai, irin duban da ba ta taɓa yi min ba, idanunta duk sun faɗa. Ta ce, "Kin san mahaifiyata sai da ta bugo waya tana kuka, wai an ce mata ina asibiti?"

Na ce ban sani ba.

"Abu ɗaya nake so ki gaya min. Ga Turanci, ga tarihi, ga kimiyya. Duk darussan duniya, me ya sa sai nawa?"

Na so in ce ban sani ba. Amma na gaji da wannan hanyar.

Na ce, "Saboda a gidanmu babu wanda zai ga an rubuta lissafi ya buɗe."

Gefen bakinta ya ɗan motsa, ta danne shi. Ta rataya jakarta a kafaɗa.

"Tun farkon zango," in ji ta, "wannan ce amsa ta farko da kika ba ni, kuma daidai ce. Litinin ki zauna a layin gaba."